Katin PR na Kanada ya kusa ƙarewa kuma ka daɗe a gida: zaman naka ya tafi kenan?

Tambayar da ta fi yawo yanzu tsakanin 'yan uwanmu masu izinin zama na dindindin (PR) a Kanada, musamman waɗanda suka je suka karɓi takarda suka juyo Abuja ko Kano, ko suka wuce aiki Saudiyya da Qatar, ita ce: katina zai ƙare nan da wata huɗu, kuma a shekara biyar ɗin nan ban yi ko shekara guda a can ba, shi kenan na rasa? Wani kuma ta ɗaya gefen zai fito maka, ya ce ai shi katinsa da sauran shekara ɗaya da rabi a jiki, don haka hankalinsa kwance yake. Duka biyun kuskure ɗaya suke yi, sun ɗauka ranar da aka rubuta a jikin kati ita ce ke riƙe da zamansu, alhali dokar ƙasar ba ta wannan ranar take bi ba sam.

Abin da ya ƙara wa maganar zafi shi ne samun wannan izini ya yi wuya fiye da da. A watan Oktoba na 2024 gwamnatin Kanada ta rage adadin mutanen da za ta ba zaman dindindin a 2025 zuwa 395,000, bayan da can ta tsara 500,000. Toh wanda yake da shi a hannu ya san idan ya kuɓuce masa sake samu ba wasa ba ne, shi ya sa tsoro ya yi yawa, kuma inda tsoro ya yi yawa nan shawarar banza take samun kasuwa.

Kati daban, matsayi daban

Matsayin zama na dindindin, wanda kowa ke ce wa PR, shi ne haƙƙin da doka ta ba ka na ka zauna, ka yi aiki, ka yi karatu a duk lardin da ka ga dama a Kanada. Shi kuwa katin shaida ce kawai, kuma babban amfaninsa shi ne ka nuna wa kamfanin jirgi lokacin da za ka koma. An fara bayar da shi ne a 2002, shekarar da dokar shige da fice da ake aiki da ita yanzu ta fara aiki, kuma yawanci shekara 5 yake yi, wani lokaci a ba mutum na shekara 1.

Idan kana zaune a Toronto ko Calgary katinka ya ƙare, babu abin da ya same ka. Za ka ci gaba da zuwa aikinka, lambarka ta aiki da haraji tana nan, ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Kamar fasfo ne, ranar da ya ƙare ba ka tashi daga ɗan Najeriya ba, tafiya ce dai ba za ka iya yi da shi ba. Sai dai kwatancen nan yana da iyaka, domin zama ɗan ƙasa ba shi da sharaɗin kwana, shi kuwa PR yana da shi.

Kuma ga abin da da yawa ba su sani ba: matsayin ba ya faɗuwa da kansa. Ko shekara 10 ka yi a Kaduna ba ka leƙa ba, a idon doka kai mai zaman dindindin ne har sai ɗaya daga cikin 'yan abubuwa ya faru, ko dai jami'i ya duba ya yanke hukunci cewa ba ka cika sharaɗi ba kuma hukuncin ya tabbata bayan wa'adin ɗaukaka ƙara, ko umarnin barin ƙasa ya fara aiki a kanka, ko kai da kanka ka rubuta ka ajiye, ko kuma ka zama ɗan ƙasa. Wannan yana da daɗi yana da ɗaci. Daɗinsa ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Ɗacinsa kuma ba za ka iya cewa bari in nemi bizar ziyara kawai in shiga ba, saboda ba a ba mai PR bizar ziyara, sai an warware maganar matsayinsa.

Kwana 730, da yadda ake ƙirga su

Sashe na 28 na dokar ya ce dole mai zaman dindindin ya samu kwana 730 a cikin kowace shekara 5. Shekara 2 kenan cikin 5. Ba sai a jere ba, za ka iya yin wata uku ka fita, ka dawo ka yi wata takwas, duk ana tarawa. Ranar da ka sauka da ranar da ka tashi ma ana lissafa su, ko da awa biyu ka yi a ƙasar a ranar.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne daga ina shekara biyar ɗin take farawa. Ba daga ranar da aka buga kati ba ne. Idan ka wuce shekara 5 da samun PR, jami'in zai tsaya ne a ranar da kake gabansa, ko ranar da ka miƙa takardar nema, ya waiwaya baya shekara 5 cif ya ƙirga. Ma'ana kullum gari ya waye tsohuwar rana ɗaya tana zubewa daga lissafinka. Wanda ya yi shekara 3 a jere daga 2016 zuwa 2019 sannan ya dawo gida, a 2021 lafiya lau yake, amma kafin 2023 yawancin waɗancan kwanakin sun fice daga cikin shekara biyar ɗin da za a duba, ko da katin da ya sabunta kafin ya taho bai ƙare ba.

Idan kuma ba ka kai shekara 5 ba, tambayar ita ce: kwanakin da ka riga ka yi, idan aka haɗa da waɗanda suka rage kafin cikar shekara biyar ɗinka ta farko, za su kai 730? Bari in kawo misali da lissafi. A ce mutum ya sauka ranar 1 ga Yuni 2021, ya yi wata guda ya buɗe asusun banki, ya bayar da adireshin abokinsa don a aiko da kati, ya juyo gida ranar 1 ga Yuli. Irin saukar je-ka-dawo ɗin nan da mutanenmu suka saba. Iyakar abin da zai iya yi a waje cikin shekara biyar ɗin kwana 1,095 ne, wato shekara 3. Kenan ƙarshen watan Yunin 2024 ya kamata a ce ya koma. Katinsa kuwa sai tsakiyar 2026 zai ƙare. Duk ranar da ya ƙara bayan Yunin 2024 ya riga ya karya sharaɗi, duk da kati mai rai a aljihunsa.

Kuma ko da ya koma a daidai ranar ƙarshe, ya ɗaure kansa ne tamau. Shekara biyu cur ba fita. Ba aikin Hajji, ba bikin ƙanwa, idan aka yi rasuwa a gida sai dai ta'aziyya ta waya. Ni wannan ne abin da na fi jan hankalin mutane a kai, kar ka cinye kwanakinka na waje gaba ɗaya tun farko, ka bar ko wata huɗu ne a ajiye, domin ba ka san ranar da za a kira ka a ce Hajiya ba lafiya ka taho ba.

Kwanakin waje da ake lissafawa kamar kana ciki

Akwai hanya uku da mutum zai kasance a waje amma kwanakinsa su shiga lissafi. Ta farko, kana tare da mijinki ko matarka wanda ɗan ƙasar Kanada ne, ko kuma yaro da ke tare da mahaifi ko mahaifiya 'yan ƙasa. A lura, ɗan ƙasa aka ce, mai fasfon Kanada. Idan miji da mata duka PR gare su suka dawo Kano tare, babu wanda yake tara wa wani komai. Amma idan mijin ya riga ya karɓi fasfo, matar kuma PR ce, suna zaune gida ɗaya a Doha ko Abuja, kwanakinta suna tafiya. Za a nemi shaidar aure da shaidar cewa da gaske tare suke zaune, irin su takardar haya da hatimin shiga da fita a fasfo.

Ta biyu, kamfanin Kanada ko gwamnatin tarayya ko ta lardi ta ɗauke ka cikakken aiki sannan ta turo ka waje. Ta uku, kana rakiyar miji ko mata ko iyaye masu PR da aka turo irin wannan aikin.

Ta biyun nan ita ce ake yawan yi wa fassarar son rai. Wani zai yi rajistar ɗan kamfani a Ontario, ya naɗa kansa wakilinsa a Afirka ta Yamma, ya zauna a Abuja yana harkokinsa yana ganin ya yi dabara. Ƙa'idojin sun fito fili sun cire duk kamfanin da babban dalilin kafa shi shi ne taimaka wa mutum ya cika kwana. Haka wanda yake zaune a gida ya samu aikin intanet da wani kamfanin Kanada, wannan ba turowa ba ce. Abin da ake nufi shi ne aiki na wucin gadi da aka tura ka daga can, kana da alaƙa da ofishin da ke can, kuma akwai kujerar da za ka koma idan ka gama. Biyan haraji a Kanada ko mallakar gida a can ma ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya, sai dai ya taimaka wajen nuna kana da jijiya a ƙasar idan magana ta kai ga roƙo.

Me ya sa mutane masu hankali suke faɗawa ciki?

Ba sakaci ne kawai ba, gaskiya. Na san wani likita da ya shekara goma sha yana aiki a asibitin koyarwa a Arewa, ya sauka da iyalinsa cikin hunturu, ya tarar kafin a bar shi ya taɓa marar lafiya sai ya bi layin jarrabawa da neman gurbin horo wanda zai ci shekaru kuma ba tabbas. Wata shida yana aikin dare a wani sito yana ɗaga kwali, haya tana cinye abin da ya zo da shi, sai ga tayin aiki daga wani asibiti a Saudiyya. Ya bar matar da yara a can ya tafi, yana zuwa hutu sau biyu a shekara, sati uku uku. Shekara biyar ta cika matar da yaran sun cancanci neman fasfo, shi kuwa da ya zauna ya buɗe fasfonsa yana bin hatimi ɗaya bayan ɗaya da biro da takarda, kwanakin da ya samu ba su kai ɗari huɗu ba. Mutumin nan don iyalinsa ya fita, kuɗinsa ne yake biyan hayar gidan da suke ciki, amma doka kwana take ƙirgawa.

Ga kuma iyaye. Mu ba mu da al'adar kai tsoho gidan kula da tsofaffi, idan uwa ta kwanta kuma kai ne babba ko ke ce mace ɗaya, tafiyar wata biyu sai ta koma shekara biyu. Ga waɗanda korona ta riƙe a 2020. Ga masu kasuwanci ko aikin gwamnati da suka nemi PR ɗin a matsayin ajiya saboda halin tsaro da faɗuwar naira, ba don sun shirya tashi ba.

A Kanada ma ra'ayi ya rabu. Akwai masu cewa shekara 2 cikin 5 sassauci ne da ba kowace ƙasa ke yi ba, kuma wanda ya kasa cika wannan ya nuna ba zama ya zo yi ba, gara a ba wani gurbin. Akwai kuma masu cewa ƙasar ce ta zaɓo mutum saboda digirinsa da ƙwarewarsa sannan ta ƙi amincewa da su bayan ya iso, don haka ba adalci ba ne a hukunta shi don ya je inda za a bar shi ya yi aikinsa. Ni ina ganin na biyun suna da gaskiya babba, amma gaskiyar tasu ba za ta cece ka a gaban jami'i ba idan ba ka zo da hujja a rubuce ba.

Kati ya ƙare kana waje

Ba a sabunta kati daga waje. Dole kana cikin Kanada lokacin da za ka nema, kuma adireshin cikin ƙasar kawai ake aika shi. Shi kuma kamfanin jirgi ba zai ɗauke ka ba sai da kati mai rai ko takardar tafiya, haka bas da jirgin ƙasa da na ruwa. Mutum zai je filin jirgi a Abuja da akwatuna, ma'aikaciya ta juya katin ta ga kwanan wata ta miƙo masa abinsa, magana ta ƙare a nan, ba laifinta ba ne, tara za a ci kamfaninsu.

Abin da ake nema a nan shi ne takardar tafiya ta mai zaman dindindin, wadda ake kira PRTD. Hukumar shige da fice ta IRCC ce ke bayarwa, kuɗinta dala 50 na Kanada, ana manna ta a fasfo kamar biza kuma yawanci shiga ɗaya ake yi da ita. A Najeriya akwai cibiyoyin karɓar fasfo a Abuja da Legas. Idan kwanakinka sun cika, wannan ba abin tsoro ba ne ko kaɗan, ka haɗa shaidunka ka nema, ka shiga ka sabunta katinka.

Idan ba su cika ba, toh ka san abin da kake yi kafin ka danna. Neman PRTD daidai yake da ka ce wa jami'i zo ka duba ni. Zai ƙirga, idan bai samu 730 ba zai duba dalilan jinƙai da ka kawo, idan ba su gamsar da shi ba ya ƙi. Wannan ƙin shi ne hukuncin da muka ambata a sama. Kana da kwana 60 ka ɗaukaka ƙara zuwa sashen ɗaukaka ƙara na hukumar shige da fice da 'yan gudun hijira, wanda ake kira IAD. Ka bari kwana 60 suka wuce ba ka yi komai ba, matsayin ya tafi. Idan ka taka Kanada ko sau ɗaya a cikin kwana 365 da suka wuce kuma ka shigar da ƙara, ana ba ka takardar tafiya ka je ka halarci zaman, in ba haka ba yawanci ta bidiyo ko waya ake yi.

Wanda katinsa bai ƙare ba, da maganar boda ta ƙasa

Mai kati mai rai jirgi zai ɗauke shi. Da ya sauka, doka ta ce jami'in hukumar kula da boda ta Kanada, wato CBSA, dole ya bar mai zaman dindindin ya shiga, ba a mayar da shi a jirgi na gaba. Amma jami'in yana da ikon ya tambaye shi tun yaushe rabonka da ƙasar nan, idan ya ga lissafi bai kai ba ya rubuta rahoto a ƙarƙashin sashe na 44, daga nan a iya ba shi umarnin barin ƙasa. Ko a nan ma zai shiga gari, yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara, kuma yana nan a matsayin PR yana aikinsa har a yanke hukunci. Sai dai kwanakin da ya yi bayan an rubuta rahoton ba sa shiga lissafin 730 ɗin, don haka jan ƙafa a shari'a ba ya cike giɓi.

Wani lokaci kuma jami'in zai yi tambaya biyu ya ce wuce, ko ya ja maka kunne ya bar ka. Wanda Allah Ya ba wannan sa'ar, abin da ya dace ya yi shi ne ya zauna daram. Kar ya fita, kar ya yi gaggawar neman sabon kati, ya bari sai ya tara 730 a cikin shekara biyar da ke bayansa sannan ya nema. Wannan ba zamba ba ce, domin ba dole ne mai zama a cikin ƙasa ya riƙe kati mai rai ba. Akwai takura dai, wasu ofisoshin lardi suna son ganin kati mai rai kafin su yi maka katin asibiti ko lasisin tuƙi, kuma duk wata takarda da ka shigar wa IRCC a wannan tsakanin tana iya sa a buɗe fayil ɗinka.

Shawarar da ake yawan bayarwa ta a bi ta Amurka a shiga da motar gida ta samo asali ne daga nan. Gaskiya ne mai shiga ta ƙasa a motar da ba ta haya ba ba a tilasta masa nuna kati, zai iya nuna takardar saukarsa ta farko. Amma jami'in da ke bodar Niagara ko Windsor shi ma yana da ikon rubuta rahoton nan, kuma tsohon kati da ya mutu shekara uku shi da kansa yana jawo tambaya. Sannan sai kana da bizar Amurka, wadda mai fasfon Najeriya ya san yadda ta koma yanzu. Hanya ce halattacciya, amma duk wanda ya ce maka tabbas ce bai gaya maka gaskiya ba.

Dalilan jinƙai: me ake dubawa?

Doka ta ba jami'i da mai sauraron ƙara damar su bar mutum da matsayinsa ko da kwana bai cika ba, idan akwai dalilan jinƙai da tausayi, tare da la'akari da maslahar duk yaron da abin zai shafa. Suna duba girman giɓin, wanda ya rasa kwana 40 ba ɗaya yake da wanda ya rasa 600 ba. Suna duba dalilin fita da dalilin daɗewa, ko abu ne da ya fi ƙarfinka ko zaɓinka ne. Suna duba ko ka yi ƙoƙarin komawa da zarar dama ta samu, da irin kafuwar da ka yi a Kanada, da iyalin da kake da su a can, da wahalar da za a shiga idan aka ƙwace.

Jinyar iyaye tana da nauyi, amma fa da takarda. A nan ne mutanenmu suke faɗuwa, saboda mu jinya a gida muke yi, magani a kemis, wani lokaci katin asibitin ma ya ɓata. Ka nemi rahoton likita mai kwanan wata, rasit na asibiti, takardar shaidar rasuwa idan an yi rashi, kuma ka shirya amsa tambayar da babu makawa sai an yi: ba ka da 'yan uwa da za su kula da ita? Sannan idan mahaifiya ta rasu a 2022 kai kuma sai 2025 ka nemi komawa, za a tambaye ka wannan shekara ukun fa. Shi kuwa dalilin cewa albashin waje ya fi, shi kaɗai ba kasafai yake cin nasara ba, ana ɗaukarsa zaɓi. Wanda iyaye suka fitar da shi yana yaro, ya nemi komawa da zarar ya kai shekarun yanke wa kansa shawara, shi yana da hujja mai ƙarfi. Duk wanda maganarsa ta kai nan ya nemi lauya ko mai ba da shawara da ke da lasisi a Kanada, kuma ya duba sunansa a rajistar hukumarsu kafin ya biya ko sisi.

Ƙarya ta fi giɓin kwana illa

Akwai ejan da za su ce maka kawo fasfo a gyara hatimi, ko a rubuta maka adireshi da takardar albashi na bogi a nuna kana can. Don Allah kar ka yarda. A da can ƙasar ba ta rubuta fitar mutane sosai, amma tun 2019 take tattara bayanan fitar kowa da kowa ta boda ta ƙasa, daga 2020 kuma har da na jiragen sama, kai kanka za ka iya neman tarihin tafiye-tafiyenka daga CBSA ka gani. A 2015 wata kotu a lardin British Columbia ta ɗaure wani mai suna Xun Wang shekara 7 saboda irin wannan sana'a ta jabun hatimi da ayyukan bogi, kuma bayan ɗaure shi hukuma ta bi fayil ɗin kwastomominsa, mutane sama da dubu, da yawa suka shiga matsala da matsayinsu. Wanda aka kama da ƙarya a ƙarƙashin sashe na 40 yana iya rasa matsayin kuma a hana shi shiga ƙasar shekara 5. Mai giɓin kwana da ya faɗi gaskiya yana da ƙofar roƙo a buɗe, kuma ko ya rasa zai iya sake nema.

Wani gargaɗi na daban ga waɗanda suka samu PR ta hanyar mafaka, kamar 'yan uwanmu da yawa daga Sudan. Su matsalarsu ba ta kwana kaɗai ba ce. Sabunta fasfon ƙasar da ka gudo daga cikinta da komawa can ziyara yana iya sa a ce ka koma ƙarƙashin kariyarta, a soke mafakar, kuma tun 2012 wannan yana tafiya da PR ɗin gaba ɗaya ko da kwananka dubu ne.

Kar a haɗa da dokar Amurka ko Ingila

Rabin ruɗanin daga nan yake zuwa, wani zai ba ka shawara da dokar ƙasar da yake zaune. Girin kad na Amurka, wato katin zaman dindindin nasu, shekara 10 yake yi, kuma su ba kwana 730 suke ƙirgawa ba, niyyar zama suke dubawa. Ka wuce wata shida a waje tambayoyi za su ƙaru, ka wuce shekara guda katin ba zai shigar da kai ba sai in ka nemi izinin sake shiga tun kafin ka fita, wanda yake kaiwa shekara 2. A Ingila kuma izinin zama marar wa'adi yana faɗuwa da kansa idan ka yi shekara 2 a jere a waje. Don haka maganar a riƙa leƙawa duk wata shida don kati ya zauna da rai ba ta da wani amfani a Kanada, leƙen sati biyu kwana 14 kawai ya ƙara maka.

Iyali, ajiyewa, da fasfo

Wanda ya dawo gida ya yi aure ko ya haihu bayan ya samu PR, matar da yaran ba su da matsayi kai tsaye. Sai ya ɗauki nauyin shigo da su, kuma mai PR ba ya yin haka daga waje, dole yana zaune a Kanada. Ga shi kuma shigar da wannan takarda da giɓin kwana yana iya tayar da bincike a kansa. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa, ko ya tafi shi kaɗai ya yi shekara biyu amarya tana gidan iyayenta, ko ya haƙura.

Haƙurin ma hanya ce, kuma ba abin kunya ba ne. Wanda ya san rayuwarsa ta kafu a gida, so yake kawai ya riƙa zuwa ganin 'ya'yansa da ke karatu, zai iya cike fom ya ajiye matsayin da kansa sannan ya nemi bizar ziyara kamar kowa. Ajiyewa ba ta hana sake neman PR nan gaba, sai dai a tsarin Express Entry, wanda ake zaɓar ƙwararrun ma'aikata da shi ta hanyar maki, makin shekaru yana fara raguwa daga shekara 30 kuma ya ƙare a 45, don haka wanda ya samu yana ɗan 31 ba lallai ya sake samu yana ɗan 40 ba. A auna wannan da kyau kafin a sa hannu.

Wanda kuma yake can yanzu yana tunanin dawowa gida, ya duba ko ya kusa kwana 1,095 a cikin shekara 5, domin shi ne sharaɗin neman zama ɗan ƙasa, tare da cike takardun haraji na shekara 3 idan doka ta wajabta masa, da jarrabawa da shaidar harshe ga 'yan shekara 18 zuwa 54. Kanada ta yarda da fasfo biyu, kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma ya yarda ga wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa. Da zarar ka yi rantsuwa maganar ƙirgen kwana ta ƙare, ka zauna a Zariya shekara ashirin ba mai tambayarka. Likitan da na ambata ma ta nan hanya ta ɓullo masa daga baya, da matarsa ta karɓi fasfo sai ta koma wajensa da zama da ƙaramin yaronsu, daga ranar kwanakinsa suka fara shiga lissafi a matsayin mai zama tare da 'yar ƙasa, ya jira sai da suka haura 730 sannan ya nemi takardar tafiya.